Sunan da Baba Bai Taɓa Faɗa Ba

Salamu alaikum, 'yan'uwa masu bin labarin nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min daga Marwa tana cewa in daina ja wa Mahfuzu rai tunda maza sun yi tsada. Na gode, 'yar'uwa, amma ki ɗan saurara min tukuna. Yau zan faɗi abin da na ɓoye muku, na ɓoye wa Ummata, na kuma so in ɓoye wa kaina.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Aisatu, ni ce 'yar fari a gidan Alhaji Ziyad mai atamfa, a Rumde Ajiya cikin Garwa. A da, in ka shigo layin 'yan atamfa, muryar Baba za ka fara ji kafin ka hango shagon. Ya yi ciniki da Bafulatana da Fulatanci, ya juya ya tsokani matar jandarma da Faransanci, ya amsa wayar Kusiri da Larabcin can, sannan ya dawo gida ya yi mana faɗa da Hausar da kakansa ya taho da ita daga Kano. Umma kan ce ko barci yake yi bakinsa bai san hutu ba. Ina ƙarama, a kan tulin atamfa nake zama ina cin gyaɗa ina kallonsa, ina ganin duk duniya babu wanda ya kai shi iya magana. Har yau ban canza ra'ayi ba.

Wata goma da suka wuce, da hantsi, yana bayan ɗan acaba suna dawowa daga ƙetaren gadar Binuwai, akuya ta gitta musu. Baba ya faɗi da kai. Kwana goma sha ɗaya bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, hannun dama ya yi nauyi, magana kuma ta tafi. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne in ya tsaya salla Fatiha tana fita daga bakinsa tar, ba gargada. Ya sallame, ya so ya ce a ba shi ruwa, sai leɓe ya yi ta motsi ba komai. Ƙanensa, Baffa Hamadu, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Likita ne ya haɗa mu da Madam Chantal, mai koya wa masu irin wannan lalura magana. 'Yar Yawunde ce, gajera, mai tabarau, tana zuwa a kan ƙaramin babur da wata jaka da ta kusa girmanta. Ba ta jin Hausa, Fulatancinta kuma na sayen tumatir ne, don haka ni na zama tafinta. Ta ce da yaren da yake rayuwa a ciki za a yi aikin, ita ta tsara, ni in faɗa da Hausa.

Ranar farko ta tara mu a tsakar gida. "Hankalinsa yana nan lafiya," in ji ta, ina fassarawa. "Kalmomin ma suna nan. Kamar shagonsa ne aka zubar da kantoci, kayan duk suna ciki, nemo su ne aiki."

Sai ta kafa mana dokoki. A kashe rediyo in za a yi masa magana. Mutum ɗaya ya yi magana, a gajarce, ba kuma da muryar lallashin jariri ba. A yi aiki kullum da safe, minti ashirin, in ya gaji a bari. Ta ƙarshe ita ta fi ba mu wuya: in ya fara neman kalma, kada kowa ya ƙarasa masa, a ƙirga goma a zuci. Ku da kanku kun san gidajenmu. Barin babba yana laluben magana a gaban mutane ai rashin tarbiyya ne. Umma ta kan kai uku da ƙyar, Baffa kuwa ko ɗaya bai taɓa kaiwa ba. Baba yana buɗe baki zai ce, "Shayi yake so, a kawo masa shayi," ko da mutumin nan bayan gida yake nufi. Ni na koyi lanƙwasa yatsuna a ƙarƙashin mayafi, ɗaya bayan ɗaya, don in riƙe bakina.

Madam ba ta zo da hotunan jirgin ƙasa da tuffa ba. Ta sa aka ɗebo kayan shago: almakashi, sandar awo, ƙyallayen atamfa kala-kala. Muna shiga ɗakinsa mu rufe ƙofa, daga ni sai ita sai shi. Ta tambaye ni yadda yake kiran masu saye, na rera mata da irin karin muryarsa, "Hajiya, zo ki gani." Ta kama hannunsa na hagu tana buga masa a cinya daidai da karin, muna ta maimaitawa. A mako na uku ya bi mu har ƙarshe. Na fita da gudu na shige kicin na yi kuka a kan buhun shinkafa. Daga nan kalmomi suka fara dawowa ɗai-ɗai: ja, shuɗi, ruwa, a'a. Wannan "a'a" ɗin Baffa ya fi kowa shan ta.

To, ga inda na ɓata.

Wata bakwai da farawa, Madam ta ce lokacin sunayen mutanen gida ya yi. Ta ce in manna hoton kowa a kwali, in rubuta a ƙasa abin da Baba yake kiransa. Ta maimaita min sau biyu. "Abin da shi yake kira, Aisatu. Kalmominsa muke nema."

Na Umma na rubuta Hajiya. Na ƙanwata na rubuta Nasiha. Na Baffa na rubuta Hamadu. Da na zo kan nawa, na daɗe riƙe da biro.

Baba bai taɓa faɗin sunana ba. Ni ce ta fari, ga kunyar 'yar fari, sannan sunan mahaifiyarsa aka sa min, wadda ta rasu yana saurayi. Innata yake ce min. "Innata, kawo min buta." "Innata, wa ya taɓa ki?" Ranar da ya kai ni makaranta, direkta, shugaban makarantar, ya tambaye shi sunan yarinya, mutumin da ke da yare huɗu a baki sai ya tura masa takardar haihuwa a kan tebur ya kau da kai. Ranar da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare, aka karanto sunana a rediyo, ya miƙe a tsakiyar shago yana cewa, "Ita ce, wallahi ita ce." Ina son Innata, kada ku yi min mummunar fahimta. Amma tun ina firamare, in na ji baban wata ya ƙwala mata kira da sunanta a bakin makaranta, sai in ji ina ma ni ce. Sau ɗaya kawai nake so in ji yadda sunana zai fito a muryar nan.

Sai zuciya ta ce min, yanzu ai komai sabo yake koya. Madam ba ta san al'adarmu ba, ƙofa kuma a rufe take. Na rubuta AISATU da manyan baƙaƙe.

Ya faɗi Hajiya a kwana biyu. Ya faɗi Nasiha. Hamadu ma ya fito, har da ɗan tsaki. Aka ɗaga kwalina, ya dube shi, ya dube ni, ya rufe baki. Madam ta ba shi farkon kalmar kamar yadda take yi in ya maƙale. "A... Ai..." Ya juya fuska bango. Washegari haka, jibi haka. Ni kuma ina durƙushe a gabansa ina cewa, "Daure, Baba, kaɗan ya rage," kamar ban san komai ba. Mako uku muna wannan. Daga baya ko almakashi aka ɗaga masa ba ya tankawa. Da ya ji ƙarar babur ɗin Madam sai ya ja bargo. Ta shiga damuwa, har ta fara maganar a koma asibiti a sake ɗaukar hoton kansa.

Ana cikin haka Mahfuzu ya turo saƙo. Ga sababbin masu karatu, Mahfuzu shi ne mutumin, yana aikin lantarki a kamfanin siminti na Figil, dogo, mai haƙurin da wani lokaci har haushi yake ba ni. Saura kwana tara manyansa su zo neman aurena Baba ya yi haɗari. Ni na ce a dakata, don Baba ya sha faɗa yana dariya, "Ranar da za a zo neman Innata, ni da bakina zan yi magana, sai sun yi gumi." Na rantse ba wanda zai bayar da ni yana zaune kamar hoto.

"Ça va, ranki ya daɗe?" ya rubuto. "Kawu Goni Abdelkerim zai sauko daga Kusiri Juma'a ta sama. Ya ce ƙafarsa ba za ta sake yin wannan tafiyar sau biyu ba."

"Baba bai shirya ba."

"Na sani. Amma mahaifiyata ta fara cewa ko ba kya so ne kike fakewa da ciwo."

"Kai ma haka kake gani?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. "Ni wata goma ke nan ina zuwa gaishe ki ban gaji ba. Ki duba min."

Na kifa wayar a kan katifa. Da yamma Baffa ya shigo da babbar rigarsa ruwan toka, ya zauna a kujerar Baba ta tsakar gida, abin da na tsana.

"An gama magana," ya ce da Umma, amma da ni yake. "Juma'a ni zan karɓe su. Yaya ya zauna a ɗaki, kada a fito da shi a kunyata shi gaban baƙi."

"Baffa, yana samun sauƙi," na ce, kaina a ƙasa.

"Wane sauƙi? Mako nawa rabon da ya ce uffan? Ke yarinya ce. Ni na san waye Yaya a garin nan, ba zan bari mutanen Kusiri su koma suna ba da labarinsa ba."

Muryarsa ta yi rawa a ƙarshe. A nan na gane ba mugunta ba ce, shi ma kewar muryar yake yi. Kuma gaskiyarsa, Baba ya yi shiru, ni kaɗai na san dalili.

Asirina ya tonu ranar Laraba. Umma ta ga Baba ko karin kumallo bai taɓa ba, ta karya doka ta turo ƙofa da kofin kunun gyaɗa, daidai lokacin da Madam ke riƙe da hotona tana cewa, "Ai... sa..."

Umma ta tsaya cak. "Me nake ji haka?"

Madam ta sauke kwalin.

"Sunan wa ake so ya faɗa? Sunan Inna? Ke, tambayar ki nake. Uban naki kike so ya kira uwarsa gatsal, don kin ga ba shi da bakin hana ki?"

Madam ta dube ni. "Me ta ce?"

'Yan'uwa, ni ce tafinta. Ina iya cewa Umma na faɗa ne a kan kunu. Har na buɗe baki da niyyar haka, sai na haɗa ido da Baba. Mutumin nan yana jin Hausa, yana jin Faransanci, duk abin da zan faɗa a kunnensa ne. Na fassara maganar Umma kalma bayan kalma, na ƙara da nawa: na sani tun farko, da gangan na rubuta.

Madam ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Na ce miki kalmominsa," ta ce. "Mako uku yana gaya mana a'a da iyakar abin da yake da shi." Ta mayar da tabarau a idonta. "Ni ma da laifina. Mutumin da yake kokawa da kowace kalma, ya zo kan guda ɗaya ya rufe baki, ya kamata in tambaya. Wanda ya kasa daban, wanda ya ƙi daban." Ta juya gare shi ta ɗan rusuna. "Pardon, Alhaji."

Na durƙusa na kama ƙafarsa. "Baba, ka yafe min." Bai dube ni ba. Ya miƙa hannun hagu ya ɗauki kwalin, ya kifa shi a kan tabarma, ya karɓi kunun daga hannun Umma. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban sake yin wani kwali da hotona ba. Ko Innata ban isa in rubuta ba.

Washegari da ya ji babur bai ja bargo ba. Madam ta tambaye shi a gajarce, "Juma'a ta sama, kana so ka yi magana da kanka?" Ya ce, "I." Muka ɗauki kalma uku, "Na ba shi," muka sa musu kari, muna bugawa a cinya, safe da bayan la'asar. Wata rana su fito sumul, wata rana ya tsaya a "na" har gumi ya keto masa. Yana aiki da ni, amma ba ya kallon fuskata. Duk lokacin da na tuna yadda yake leƙo kicin yana cewa, "Innata, me aka dafa mana?" sai in rasa inda zan sa kaina.

Na rubuta wa Mahfuzu: "Ka roƙi Kawu Goni. Tambaya ɗaya, gajera. Sannan ya jira, ko da shirun ya yi tsawo."

"Kawu malami ne, shiru ba ya ba shi tsoro. Baffanki fa?"

"Shi sai addu'a."

Juma'a bayan la'asar aka share zaure, aka shimfiɗa darduma ja ta Sallah. Umma ta sa wa Baba farar shaddarsa mai aikin zare ruwan ƙasa, ta karya masa hula yadda yake so, ta fesa masa turarensa na da. Da ƙamshin ya bugi hancina sai na ga kamar yanzu zai ɗauki makullin shago ya fita yana tsokanar maƙwabta. Baffa ya so ya hana, Baba ya ce masa "a'a" ya dafa sandarsa ya wuce gaba. Ni na sa atamfa shuɗiya mai ganye, wadda ya yanko min da hannunsa shekara biyu da suka wuce, na laɓe bayan labulen ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida. Umma na bayana tana jan carbi.

Aka gaisa, aka sha ruwa, aka yi addu'a. Ta gefen labule ina hango Kawu Goni, tsoho siriri mai farin rawani. Ya fuskanci Baba, ba Baffa ba.

"Alhaji, mun zo nema wa ɗanmu Mahfuzu auren 'yarka ta fari. Ka ba mu?"

Shiru. Na fara lanƙwasa yatsu. Ɗaya, biyu, uku. Leɓen Baba yana motsi. Huɗu, biyar. Wani cikin baƙin ya gyara zama. Shida.

"To, abin da Yaya yake nufi..." in ji Baffa.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Sau ɗaya. Baffa ya haɗiye sauran.

Na ce a raina, na ba shi, Baba, na ba shi, kalma uku ce kawai. Na ga hannunsa na hagu ya sauka a cinya ya fara bugawa. Amma ba wajen baƙin ya juya ba. Labulen ya juyo ya kalla, daidai inda ƙafafuna suka leƙo.

"In..." Ya ja numfashi. "Inna... ta."

Carbin Umma ya faɗi ƙasa. Wata goma rabona da jin wannan kiran. Ba mu koya masa ba, ba a kwali yake ba, shi ya shiga ya nemo abinsa. Muryar ta shaƙe, ta yi nauyi, amma ita ce, wadda ke tashi na sallar asuba tun ina 'yar shekara bakwai. A lokacin na san ko duniya za a ba ni ba na son wani suna.

"Na'am, Baba," na ce, ban san ma ya fita ba.

"Ki... na... so?"

Wannan ma ba mu koya ba. Ni da na yi wata da watanni ina koya wa mutum magana, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Amsar tana nan, na san ta kamar sunana, amma ta maƙale, hawaye na zuba a kan atamfar.

Baffa ya yi gyaran murya. "Ai kunya take ji, Yaya. Shirun budurwa..."

"Jira," in ji Baba.

Ya ɗaga hannunsa na hagu a gaban baƙin Kusiri, idonsa a kan labule, ya lanƙwasa ɗan yatsa na farko. Ashe duk watannin nan yana ganin abin da nake yi a ƙarƙashin mayafi. Ya lanƙwasa na biyu, a hankali, ba gaggawa, yana jira na.